Bashin Ƙosai

Muryar mace ta fito daga lasifika, a sanyaye, ko a jikinta:
jirgin Legas sai tara na dare.
Na duba agogo. Biyu saura kwata.
Wani mai babbar riga ya hau ma'aikata da masifa,
wata ta shimfiɗa gyale a kan kujeru uku ta kwanta,
ni kuwa na ba da ajiyar akwati, na fito.

Direban tasi, Dogara, mutumin Kagoro,
ya ce ina muka nufa?
Na buɗe baki in ce zagaya da ni kawai,
sai harshe ya riga ni:
Kakuri.

Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba.
Mando ta cika da 'yan keke da ƙaurin gasasshiyar masara.
A Kawo muka tsaya cak,
tirela ta kwanta, ta yi sadaka da albasa,
yara na tsinta,
Dogara na ƙirga mini mintoci da yatsa a kan sitiyari.

A kan gada na ce ya rage gudu.
Kogin ya cika ya batse,
launin shayin da aka yi wa rowar madara.
A nan Baba ke ɗora ni a kafaɗa,
ya ce in na yi shiru zan ga kada.
Shekara talatin da ɗaya, yau ma na yi shirun.
Baƙar leda kawai ta zo ta wuce.

Masaƙar tana nan, kuma ba ta nan.
Sarƙa a ƙofa, ciyawa ta fi ni tsawo,
jiniyar da ke tashin unguwa kafin ladan ya gyara murya
ta haɗiye kukanta.
Layinmu ya tsuke, ko ni ne na yi faɗi.
Ɗakin da aka yanke mini cibiya
ya zama shagon caji,
wayoyi arba'in a jere suna tsotso.
Na tsaya kamar mai jiran canji.

"Kai, mai wushirya!"
Tsohuwa ce a gindin mangwaro, kasko na tafasa a gabanta.
"Ɗan Tanimu masaƙi ne, ko idona ya fara ƙarya?"
Inna Kande.
Na durƙusa, wandon ofis cikin taɓo.
Na ce ya rasu, bana shekara shida, a Gusau.

Ta juya ƙosai, ɗaya, ɗaya, ɗaya,
sai da ta gama kaskon.
"Allah ya jiƙan Tanimu. Da bashina ya tafi.
Ranar da aka sallame su ya ɗauki na naira biyar,
ya ce na yara ne,
sai an biya su haƙƙinsu."

Na tuna daren.
Mu huɗu a kan tabarma, muna hura yatsu,
Baba a bakin ƙofa yana gyara rediyon da ba ta lalace ba.
Ya ce mu cinye, shi a ƙoshe yake.

Na zaro dubu biyar.
Ta ture hannuna da bayan matsami.
"Mayar. In ka biya, me zai sake kawo ka?"
Ta ƙunsa mini goma a tsohuwar takardar jarrabawa,
yaji a gefe.
"Wannan ma ka rubuta."

Dogara ya danna ham sau uku.
Magariba ta riske mu a Mando,
ya tsaya ya jira ni, yana riƙe da ƙunshin kamar jariri.
Biyu na ba shi. Bai yi musu ba.

Takwas da rabi na karɓi akwatina.
Lasifika ta sake magana, da muryar nan tata:
sai sha ɗaya, a yi haƙuri.
Mai babbar riga ya miƙe, jijiyar wuya a tashe.
Na buɗe takardar,
mai ya ratsa ta har ana ganin lissafin wani yaro ta baya,
bakwai cikin goma, da jan biro.
Na ce, Alhaji, bismilla,
ba a biya ba tukuna, amma halal ne.
Ya dube ni, ya dubi ƙosan.
Ya zauna.