Kwana Tara Ba Cima

Cima ta tafi Mirya jinyar uwarta,
ta bar mini yara uku, tukunya biyu,
da hatsin da ya kai gwiwa a buhu.
Ta ce kwana uku ne. Yau na tara.

Ni tela ne a Zango.
Ka tsaya gabana, na san ƙyallen da zai ishe ka,
amma awon gishiri ban taɓa koya ba.
Daren farko na zuba shi kamar mai biyan bashi.
Lawali ya kai loma ɗaya, ya dubi ƙanwarsa,
ya ce shi ya ƙoshi tun a lakwal.
Ban taɓa jin ƙarya mai ladabi irin wannan ba.

Famfon unguwa ya yi shiru tun Talata,
mai garuwa ya ce gobe, goben ba ta zo ba.
Jarka ɗaya ta rage bayan ƙofa,
na raba ta kamar gado:
wannan na koko, wannan na alwala,
wanda na wanke shinkafa da shi
na zogalen Cima ne a gindin katanga.

Koko kuwa, wa bai iya koko ba?
Sai ga gudaji suna iyo kamar kwaɗi.
Habsu, 'yar shekara bakwai, ta karɓe ludayin:
"Baba, da ruwan sanyi ake fara damawa."
Na tsaya da gemuna ina ɗaukar karatu.

A Kasuwar Dole na riƙe dala sittin,
ina tambayar kuɗin daddawa kamar baƙo.
Mai kuka ta auna, ta ƙara mini gyara,
ta ce, "Malam, kar ka zuba ta gaba ɗaya,
barbaɗa, kana kaɗawa."
Ban faɗa mata komai ba. Ta gani a fuskata.

Tuwo ya fi babbar riga wuya.
Allura ba ta tofa wa mutum wuta,
talge kuwa ya bar mini tabo uku a hannu.
Na tuƙa, na tuƙa, muciya ta tsaya cak,
kafaɗar da nake taƙama da ita ta ce ta gaji.
Shekara goma sha ɗaya ana ajiye mini kwano,
ina buɗewa, ina bismilla,
ban taɓa duba hannun da ya ajiye ba.

Tsohuwa Yagana ta bayan katanga
ba ta leƙo ba, hancinta ya ishe ta:
"Makwabci, wakenka na kuka!
Ƙara ruwa, sa kanwa kamar ƙwayar gyaɗa."
Da la'asar sai ga kwanon miyar kuɓewa,
wai ta yi mata yawa.
Ita da ke zaune ita kaɗai.

Mutari, auta, ba ya cin loma
sai an hura, an ce ga mota za ta shiga gareji.
Na hura. Na yi kukan mota.
Ya ce motar Inna ba haka take kuka ba,
amma ya buɗe baki.

Ƙanzon da na ɗauka abin kunya ne
shi suke faɗa a kai,
cokali uku a gindin tukunya ɗaya.

Ɗazu bayan isha'i talho ya yi ƙara.
Ta tambayi jikin kowa, sannan ta yi shiru,
ta ce, "Me suka ci?"
Habsu ta fizge kafin in yi magana:
"Shinkafa da wake, da mai da yaji.
Yau bai ƙone ba, Inna. Kaɗan ne kawai."
Na ji dariyar Cima tun daga Mirya,
dariyar wadda ta kwana tara ba ta yi ba.

Yanzu sun yi barci, wuta ta ɗauke.
Na jiƙa hatsin gobe da hasken tocila,
na rufe sauran tuwo don ɗumame,
na ɗora dutse kan faifan,
don kyanwar Yagana ita ma
ta fara son girkina.