Aljihun da ya karkace

A Maradi kowane ɗan kabu-kabu ya san gidan da ake sha.
Ba sai ka yi kwatance ba,
ɗaga haɓa kawai, ya ce hau.
Shekara goma sha ɗaya ina hawa.
Ranar da na nemi gidan da ake bari
sai na rasa da wane baki ake tambayarsa.

Ni tela ne, Rabe, rumfa ta huɗu a layin ƴan atamfa.
Wa'azi bai taɓa kama ni ba,
na sha shi, na kora da abin da na saba.
Allura ce ta kama ni.
Wata safiya zare ya ƙi shiga kafa,
na lasa, na murza, na kanne ido,
hannu na ta rawa ba kiɗa.
Yaron rumfata, ɗan shekara tara,
ya karɓa, ya zura, ya miƙo mini
bai ɗaga kai ya dube ni ba.
Har yau da ma zagina ya yi.

Na tafi asibiti da ciwon kai na aro.
Majo Tsahara ta auna ni, ta yi shiru.
Na ce wani abokina ne, abin ya fi ƙarfinsa,
ko akwai inda irinsu ke zama?
Ta juya takardar magani, ta rubuta a baya:
Laraba, bayan lisha, unguwar Burja,
ƙofar kwano a bayan injin gyaɗa.
Ta ce, ka hwaɗa ma abokin naka ya tahi da ƙahwarshi,
tabarmar can ba ta amsar saƙo.

Larabar farko na wuce ƙofar sau biyu,
na sayi ƙuli-ƙulin dala ashirin da ba na so, na koma.
Ta biyu aka yi ruwa.
Na ɗora wa ruwa laifi,
na bi tsohuwar hanya, wadda ruwa bai taɓa hana ni bi ba.

Ta uku na cire takalmi.

Mutum bakwai, fitila ɗaya, butar shayi,
ƙamshin tunkuza na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Direban hanyar Ɗan Isa,
wani mushe da ya yi ritaya,
Bulus mai walda, wanda ke jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani
duk daren da ya kwana bai sha ba.
Ya girgiza mana shi. Ya yi nauyi.
Ya ce sau biyu yana zubarwa ya sake daga fari.
Ba wanda ya ce subhanallahi.
Ba wanda ya tambaye ni ɗan gidan wa.

Can jikin bango na ga ɗinkina.
Shadda ruwan toka, aljihu ya karkace hagu
kamar jaki ya ga rami.
Na san daren da na ɗinka ta,
ko in ce na san safiyar da ta biyo.
Mai rigar, Nomau, ya bi idona da kallo.
Na ce kawo gobe in gyara, ba ko dala.
Ya ce bar shi, tela,
ran da na amshe ta ni ma daidai na gan shi.

Dariyar da muka yi
sai da mai gadin injin ya leƙo.
Ban san a tsakiyarta na fara kuka ba,
wani dai ya tura mini kofi, ya ci gaba da maganarsa.

Yau tsakuwata goma sha tara.
Gwangwanin tumatir ne, ƙarami, yana ƙara da yawa.
Zare na shiga a karo na uku, wani lokaci na biyar.
La'asar ita ce mugun lokaci,
sa'ad da maƙogwaro ke tuna hanya.

Jiya na tsai da ɗan kabu-kabun da ya san ni.
Kafin in yi magana ya juya kan babur yamma.
Na dafa kafaɗarsa, na ce a'a, Burja.
Ya ce ina ne a Burja?
Na ce mu je, ni zan nuna maka.