Abin da Ruwan Garke Ya Ɓoye

Shekara goma sha tara ina wanke garke a Shika.
Tsintsiya, tiyo, da takalmin roba mai huda a diddige.
Abin da shanu suka sauke da dare
ni ke kora shi da safe,
ya bi kwata baƙi ƙirin, ya gangara,
ban taɓa tambayarsa ina za shi ba.

Rafin da ke ƙasa shi ya sani.
Ya ci, ya ci, har ya yi kore shar,
gansakuka ta rufe masa fuska,
tarwaɗa ta juya ciki sama.

Ran wata Talata sai ga Hansatu daga Samaru,
jarka biyu ɗaure a bayan babur.
Na ce, "'Yar nan, ga famfo can."
Ta ce, "Baba Barau, wannan nake so, mai warin."

Na bi ta don in ga ƙarshen hauka.

Ta tace shi, ta zuba a tulun gilashi,
ta auna wani gishiri mai ɗaci a bakin cokali,
ta ɗiga wani ruwa, ɗan'uwan ruwan toka,
ɗigo, ta duba allura,
ɗigo, ta sake dubawa.
Sanda na juyawa a ciki a hankali,
kamar mai damun da ba ta son gudaji.
Ta ce, "Yanzu sai haƙuri."
Na ce wannan kam ina da shi, ya fi albashina yawa.

Azahar ta wuce. La'asar ta kawo kai.
Sai ruwan ya fara yayyafi a cikinsa,
fari-fari, ƙanana, ƙasa da tsaki,
suna sauka ba hayaniya,
kowane yana neman ɗan'uwansa ya manne.

Ta shanya, ta juye mini a tafin hannu.
Na shinshina. Babu wari.
Na murza, yana ƙas-ƙas kamar yashin Galma.
Ta ce, "Fosforas ke nan.
Shi kake saye a buhu da sunan takin sufa."

Na yi shiru.
Na tuna bara, da na sayar da tunkiya da ɗanta
na sayi rabin buhu.
Ashe kura na gindin ɗaki, ni ina neman sawunta a daji.
Shekara goma sha tara,
da hannuna, da tsintsiyata.

Ta ƙulle mini kaɗan a leda, bai cika gwangwanin madara ba.
Kunya uku na ba wa a bayan gida,
sauran masarar na bar ta da rabonta.
Ban gaya wa kowa ba, kada a ce tsufa ne.

Yanzu da asuba nakan leƙa su tukuna,
sannan in ɗauki tiyo.
Ruwan na nan yadda yake, baƙi, mai wari.
Hannuna ne dai ya rage sauri.