Dutsen Gugar Mama Torika

Kwana tara ke nan da muka sauke ki a ƙasar Rewa,
ruwa na zuba, fasto na riƙe da lema a hannu ɗaya,
Zabura a ɗayan.
Yau na buɗe akwatinki.
Babu zinariya, ban kuma sa rai ba.
Dutsen guga na gawayi,
da wasiƙu sittin da biyu, ɗaure da igiyar kwakwa.

A barikin Nabua kika raine mu, mu huɗu,
ɗaki biyu, rufin kwano mai yoyo daidai kan gadon Sekove.
Kina riga begila tashi,
ki hura gawayi, ki bi kakin Baba layi-layi
har karin wando ya kusa yanka gwaza.
Kika ce, "Harsashi ya fi ƙarfina,
amma mijina ba zai fita a yamutse ba."

Da jirgi ya ɗauke shi zuwa Lebanon,
sai kika buɗe taswirar bayan Littafi Mai Tsarki,
kika ɗora yatsa mai ƙanshin albasa:
"Ga babanku nan, cikin itatuwan al'ul."
Da aka mai da shi Sinai, har dariya kika yi,
wai ki rubuta masa ya riƙa cire takalmi,
don ƙasar da Musa ya taka ce.

Watan da albashi ya makara,
rogo da safe, rogo da dare,
ganyen gwaza cikin madarar kwakwa in an yi sa'a.
Kina saƙa tabarma har idonki ya yi ja,
ki kai kasuwar Suva ran Asabar,
ki ware na baiko tun kafin ki ƙirga saura.
Na ji haushinki, Mama.
Takalmina ya buɗe baki, ke kuwa kina ciyar da faranti a majami'a.
Har yau ban ce kin yi daidai ba.

Akwai ranar da ba ki taɓa ba kowa labarinta ba,
amma ina bayan labule.
Motar ofis ta shigo layinmu a hankali,
hafsa a gaba, fasto a baya.
Kowace mace ta daskare a tagarta.
Ta wuce ƙofarmu.
Ta tsaya a ta Venina.
Na ji kin ce "Na gode" can ƙasan maƙogwaro,
sai kika toshe baki da hannu biyu
kamar wadda ta yi saɓo.
Daren nan kika naɗe tabarmarki, kika tsallaka,
wata guda kina kwana a ƙasan ɗakinta,
kina yi wa 'ya'yanta wanka kafin mu.

Baba ya dawo da lambar yabo da shiru.
Kwakwa ta faɗo kan kwano, sai ga shi ƙarƙashin tebur.
Ba ki tambaya, ba ki kira kowa.
Ki zauna a ƙasa kusa da shi,
ki ci gaba da tsince shinkafarki
har numfashinsa ya dawo gida.

Ran da Sekove ya ce shi ma soja zai shiga,
kwana uku ba ki yi masa magana ba.
Na huɗu, kafin gari ya waye,
muka ji ƙanshin gawayi.

Na kwance igiyar, na juya wasiƙa ɗaya.
A bayanta, da fensirinki:
sukari, kananzir, maganin tarin Litia,
sannan sunayen mazan layinmu duka, goma sha ɗaya,
na mijin Venina an ja masa layi, ba a goge ba.

Gobe Lahadi.
Farar rigarki na rataye, duk ta yamutse.
Akwai lantarki a gidan nan, na sani.
Ina tsugune a ƙofar kicin, ina hura gawayi,
hayaƙi ne ya shiga idona.