Mai Gadin Kwamfutar Don Evaristo

Ƙarfe shida da rabi a tsibirin Chiloé,
ruwan sama na dukan kwanon ofishin masunta.
Don Evaristo ya danna maɓalli,
ya cire hula, ya ɗora buta a wuta.
Ya san ruwan zai tafasa kafin ta buɗe ido.

Shekararta goma sha huɗu a kan teburin nan.
Gishirin teku ya ci ƙusoshinta,
fankarta na tari irin na tsohon mashayin taba,
amma a da, kafin ya rataye rigar ruwa
ta riga ta ce masa ina kwana.

Sai jikarsa Maite ta zo hutu daga Valdivia,
ta tarar ƙwayar cuta ta lashe lissafin wata biyu.
Ta ce, Kaka, riga-kafi ya fi magani,
ta saka manhajar tsaro, ta koma makaranta.

Tun ranar gidan ya yi mai gadi.
Shi ke fara tashi, makulli na hannunsa.
Kowane fayil sai ya tsaya bakin ƙofa an caje shi,
har waɗanda aka haifa a gidan:
sunayen kwale-kwale, nauyin kifin bara,
hoton marigayiya Doña Clorinda da ke kan allo,
ita ma kullum sai an tambaye ta daga ina.

Ƙwaƙwalwar ɗaki ɗaya ce, gado ɗaya,
mai gadi ya baje kayansa ya cika ta.
Faifan ciki na juyawa ƙur-ƙur,
dutsen niƙa ne aka zuba wa tsakuwa.

A waje masunta sun yi layi da kwanduna.
Aliro ya leƙo: Har yanzu?
Ƙanƙara na narkewa, Don Eva,
direban Puerto Montt ya gaji da danna hon.

Minti goma sha ɗaya, da agogon hannu ya ƙirga.
Ran Talata sha huɗu,
ranar da ake aiko wa mai gadi
sabon jerin sunayen ɓarayi.

Sau biyu ya kai kibiya kan wurin cirewa,
sau biyu ya tuna daren da ya kwana zaune
yana kwafe wata biyu daga takardu masu ƙarnin kifi.
Ya janye hannu.

Maite ta ce a waya akwai inda ake shiga
a gaya masa ya bar binciken sai tsakar rana.
Ya rubuta a bayan rasit.
Rasit ɗin ya jiƙe a aljihu.

Yanzu dai sammako yake ƙarawa da kwata,
ya danna, ya zuba ruwan zafi a ganyensa mai ɗaci,
ya zauna kusa da ita, tsofaffi biyu.
Ai gwiwarsa ma sai ta gama nata binciken
kafin ta yarda ya hau matakala.

Allo ya yi shuɗi.
Clorinda ta fito da murmushinta, yau ma an wanke ta.
Ya tura taga:
Aliro, kilo nawa?