Ƙafar Zabo

Ubana Tunau bai bar mini gona ba,
sai uwar maƙera, da masaba biyu,
da guntun ƙarfe mai zanen ƙafar zabo
da ake bugawa a gindin wuƙa tana ja.
Duk Argungu, wanda ya ga sawun nan
ba ya gwada kaifi a gashin hannu,
nawa ne kawai yake tambaya.

Sifirin matacciyar mota nake saye a Jega.
Gawayin ƙirya, zugazugin fatar akuya,
yini biyu a kan ruwan wuƙa ɗaya,
sai ta yi launin hantar rago in tsoma ta
in kasa kunne.
Mai kyau tsaki take yi. Mai aibi tari.

Shekarar da gero ya fi ƙarfin tiya
Kakale ya zo daga Kamba da kwali a bayan babur.
Arba'in ne, farare ƙal, kansu ɗaya
kamar haƙoran da ba su taɓa tauna ba.
Ya ce, "Jirgi ya sauke su Kwatano.
Kai dai yi musu ƙota, shafa musu hayaƙi,
zabonka ya taka.
Wuƙa na da baki, amma ba ta magana."

Ran Talata na ce a'a.
Ran Alhamis na leƙa rumbu.
Daren Juma'a na saki asabarin maƙera,
na kori yaron zuga,
na buga sau arba'in a kan ƙarfe mai sanyi.
Sawun bai nutse ba. Ni kaɗai na lura.

Mun ci tuwo. Ba zan ce bai yi daɗi ba.

Bayan gulbi ya janye sai ga Arzika masunci
da abu a ƙunshe cikin tsumma.
Gida biyu ta rabu, cikinta fari kamar rogo.
Na gyara tsayuwa, ina jiran ashar.
Ya zauna bisa turmi ya ce,
"Ɗan Tunau, ba faɗa ya kawo ni ba.
Giwan ruwa nike fiɗa, wagga ta karye ga ƙashin baya.
Na ce ma yara, hannu na tsufa, ido na gajiya,
kowa da ranar da wuta ka ruɗe shi.
Ga tozali, na wajen surukaina ne, shina wanke ido.
Ga banda kuma, a kai cikin gida."

Da zagi ya yi, da na sami abin riƙewa.
Mutum ya zo yi wa hannuna ta'aziyya,
hannun da ko taɓa ƙarfen bai yi da wuta ba.

Na faɗa masa. Tun daga kwalin har asabari.
Ya daɗe yana kallon toka.
Ya tashi, ya ɗauki tozalinsa,
ya bar kifin.
Har yau ban gama fassara wannan ba.

Na bi kasuwa kasuwa, Gulma, Augie, Kangiwa,
ina karɓar ta jirgi ina ba da ta wuta.
Wani ya gode, wani ya tofa,
wata mai tuwo ta ce tata na yanka kuɓewa lafiya,
in rabu da ita.
Sha bakwai na samo.

Yanzu tabarma biyu nake shimfiɗawa.
Ta dama, nawa ne tun daga sifiri.
Ta hagu, kafin ka ɗaga nake gaya maka:
ƙota tawa, kube na Jabbi baduku,
ruwan kuwa ban san maƙerinsa ba,
wataƙila ma inji ne. Tana yanka albasa.
Kuɗinta rabi. Zabo bai taka ta ba.

Saura ashirin da biyu.
Suna can a ƙugun mahauta, a kwale-kwale, a madafa,
zabin da ba ni na ƙyanƙyashe ba,
amma duk wadda ta karye
sunan Tunau za ta kira.