Asabar a Rafin Aboabo

Ran Asabar ba na dama koko.
Tukunya a kife, ludayi a rataye,
masu zuwa da kofi su tarar da benci wayam, su juya.
Ni ina bakin rafi tun rana ba ta keto ba,
zane a ɗaure sama da gwiwa,
takalmin roba aron Fuseini, ya fi ƙafata da yatsa uku.
Dubiya na zo. Maras lafiyar ruwa ne.

Mu bakwai ne, ba mai biyan mu ko sisi.
Afriyie ce ta tara mu, ’yar jami’a mai jakar kwalabe.
Hausarta na ɗingishi, Tonancina na jan ƙafa,
a tsakiyar gada muke haɗuwa.
Ta ce, “Inna Barira, zuba a dogon bututun nan,
ki leƙa ta sama, inda alamar gindi ta ɓace miki,
nan ne lambar.”
Ko kamu ɗaya ban cika ba, ta ɓace.

Sai tsinken takarda: a tsoma, a ƙirga sittin.
Sittin ba baƙuwata ba ce,
da ita nake jiran ƙosai ya nemi juyi.
Fari ya shiga,
ya fito kamar haƙorin tsoho mai cin goro.
Cindo kafinta ya rubuta, ya tura ta waya,
can wani wuri a Kumasi ɗigo ya hau taswira.

Babana ya kama tarwaɗa a nan.
In na faɗa, jikoki su tuntsire:
“Inna, wannan ai kwata ce.”
To, kwata ce yau.
Amma wa ya taɓa kiran kwata da unguwa suna ɗaya?

Tsohuwar rariyar gasara na kawo, muna tace laka.
An ce in ɗan mazari ya fito, ruwa na numfashi.
Wata takwas ina tacewa:
jajayen tsutsotsi, ledar ruwa, mataccen batir,
silifa ƙafa ɗaya,
kan ’yar tsana ido a buɗe.

Bayan Babbar Sallah lambar ta haura.
Muka bi ruwan ta baya, kamar masu bin sawun ɓarawo,
ina tafe ina yanke hukunci a zuci:
mahauta ne, na san su,
ko masu wankin mota, ko yaran gareji da baƙin mai.
Muka wuce gada. Muka wuce bayan masallaci.
Ga wani bututu yana tsiyaya ba ƙaƙƙautawa
daga gindin shuɗiyar katanga.

Na san katangar.
Ni na biya kuɗin fentinta.

Cindo ya ɗaga biro, ya dube ni.
Fuseini ya dubi sama, wai yana duba hadari.
Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ba a ce ya san kan wa yoyon ke sauka ba.
Na ce, “Rubuta.
Gidan mai koko. Kada ka rage wasali ɗaya.”

Adashen wata uku ya tafi a haƙa rami da siminti.
Lambar ta sauka? Ɗan kaɗan, kamar zazzaɓi da asuba.
Gida ɗaya ne cikin dubu,
ni ma na iya lissafi.

Amma Asabar da ta wuce, Afriyie na jarrabawa,
wani abu ya motsa cikin rariya,
ƙafa shida, launin ƙasa, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.
Hannuna na rawa, hoton ya fito dishi-dishi.
Ban sani ba ko shi ne.
Na tura, har yau shiru.

Na mayar da shi inda na same shi, a hankali,
kamar mai kwantar da jaririn maƙwabta,
na wanke hannu sau uku,
na tafi jiƙa gero.